Tsoho A Bayan Babur: Kaya Ne Ko Birki?

Akwai wata al'ada ta mutanen ƙasashen sanyi wadda na ke so mu duba tare, don ina ganin ba za mu rasa abin tsinta a cikinta ba. In lokacin zafinsu ya zo, ƙanƙara ta narke, sai ka ga mutum ya ɗaure tanti da bargo da 'yar tukunya a bayan babur, ya kama hanyar arewa, ya yi mako biyu ko uku cikin dajin da babu gari babu ƙauye. Inda gajiya ta kama shi, nan ya ke kafa tantinsa ya kwana. Ba fatauci ne ya fito da shi ba, son ganin ƙasa ne kawai. Wani ya tafi shi kaɗai, wani da abokansa. Akwai kuma masu tafiya da kakanninsu, saurayi da tsoho, ko dai kowa da babur ɗinsa, ko kuwa ɗaya ya goya ɗaya. To, a kan waɗannan na ƙarshe maganata ta ke.

Na san abin da yawancinmu za su ce da jin haka. Za su ce, "Wannan ai rashin tausayi ne. Tsohon da ya kamata a shimfiɗa wa tabarma a inuwa a kawo masa kunu, shi za a ɗora bisa babur a kai inda ko asibiti babu?" Maganar tana da ƙarfi, zan kuwa komo kanta. Amma ni ra'ayina dabam ne. Ina ganin saurayin da ya tafi da kakansa ya fi wanda ya tafi da tsararsa zama cikin tsari, ya kuma fi shi komowa da riba. Raunin nan na tsoho da mu ke ɗauka kaya ne, shi ne birkin tafiyar. Kowa kuwa ya san ƙarshen babur marar birki.

Don kada maganar ta zama ta iska, bari mu ɗauki hanya guda ta gaske mu gwada ra'ayin a kanta. Can ƙuryar arewa maso yammacin Kanada, kusa da iyakar Alaska, akwai hanyar da a ke kira Dempster, wadda masu irin wannan tafiya ke marmari ƙwarai. Ta tashi daga kusa da garin Dawson a lardin Yukon, ta ƙare a garin Inuvik. Tsawonta kilomita 736, watau kusan nisan Legas zuwa Abuja. An fara gina ta a 1959, aka dakata, aka koma, ba a buɗe ta ba sai a 1979. A 2017 kuma aka buɗe wani ƙari mai kilomita 138, kamar Legas zuwa Ibadan ke nan, daga Inuvik zuwa ƙauyen Tuktoyaktuk da ke bakin tekun ƙanƙara na arewacin duniya.

Hanyar kusan dukanta ba kwalta, tsakuwa ce. Ƙasar wurin a daskare ta ke daga ƙarƙashi rani da damina, in kuwa zafi ya kai gare ta ta narke, sai hanya ta nutse. Saboda haka aka jibga tsakuwa mai kauri, daga mita 1.2 har 2.4, aka ɗora hanya bisanta, ta zama kamar doguwar ganuwa. Wanda ya kauce mata, gangarawa zai yi. A waɗansu wurare duwatsun suna da kaifi, suna yanka taya. Ma'aikata kan zuba wani irin gishiri don ya kwantar da ƙura, amma da ruwan sama ya sauka sai wurin ya yi santsi kamar miyar kuɓewa. Daga bakin hanya har ka yi kilomita 369 ba za ka sami mai sayar da fetur ba, sai ka kai wani masauki da a ke kira Eagle Plains. Akwai manyan koguna biyu, Peel da Mackenzie, waɗanda ba gada a kansu. Da zafi jirgin fito ke ƙetarar da mutane, da sanyi kuwa bisa ƙanƙarar kogin motoci ke bi. In ruwa ya cika ya yi ƙarfi, fito kan tsaya, kowa ya zauna ya jira. Wayar hannu ba ta aiki a galibin hanyar. Akwai ma wuraren da aka faɗaɗa hanya don ƙaramin jirgin sama ya iya sauka in ta ɓaci. Ga sauro kamar hadari, ga kuma wata ƙatuwar dabba mai farata da a ke kira beyar, wadda ƙanshin abinci ke jawowa zango, shi ya sa ba a kwana da abinci cikin tanti.

Mai karatu zai ce, ai wannan bayani duk ya ƙara ƙarfafa masu cewa a bar tsoho a gida. To, a dakata tukuna, a ji inda hanyar ta samo sunanta.

Tun ba a yi hanyar mota ba, 'yan sandan Kanada kan yi rangadi kowace shekara da sanyi tsakanin Dawson da wani ƙauye mai suna Fort McPherson, wanda hanyar ke bi ta gefensa yanzu. Da ƙafa su ke tafiya, karnuka na jan kayansu bisa ƙanƙara. Ran 21 ga Disamba 1910 Sufeto Francis Fitzgerald ya tashi daga Fort McPherson zuwa Dawson, shi da mutum uku da karnuka 15. Fitzgerald ba baƙon ƙasar ba ne, ya daɗe a arewa, an kuma san shi da jaruntaka. Amma ya rage guzuri don tafiya ta yi sauri, abincin kwana 30 kaɗai ya ɗauka. A hanya ya ɗauki wani ɗan ƙasa mai suna Esau George ya yi musu jagora 'yan kwanaki, sa'an nan ran 1 ga Janairu 1911 ya biya shi ya sallame shi, ya dogara ga ɗaya daga cikin mutanensa wanda ya taɓa bin hanyar. Da su ka kai inda za su bar babban rafi su shiga wani ƙarami wanda zai kai su mashigar duwatsu, sai mashigar ta ɓace musu. Su ka yi ta nema, yau nan gobe can, abinci na ƙarewa. Ba su yarda su juya ba sai ran 18 ga Janairu. A hanyar komowa su ka shiga yanka karnukansu suna ci. Duka huɗun su ka mutu cikin Fabrairu, biyu daga ciki saura kilomita 40 kacal su isa ƙauyen da su ka baro. Kofur William Dempster ne aka aika nemansu daga Dawson, shi kuwa ya tafi da ɗan ƙasa mai jagora, Charles Stewart, su ka tsinci gawarwakin cikin Maris. Sunan wannan kofur aka sa wa hanyar.

Da shugabannin 'yan sandan su ka bincika, dalili uku su ka samu: ƙarancin guzuri, rashin jagora na ƙwarai, da jinkirin juyawa bayan hanya ta ɓace. Ku lura, babu rashin ƙarfi a ciki. Mutanen nan ƙarfafa ne. Ƙarfin ne ma ya rinjaye su, har su ka ga za su iya da ɗan abinci, za su iya ba jagora, za su iya ƙara kwana ɗaya, da wani kwana ɗaya. Hausawa sun gama magana da su ka ce sauri ya haifi nawa.

Yanzu mu ɗora waɗannan dalilai uku bisa saurayi mai babur. In shi da tsararsa ne, wa zai fara cewa ya gaji? Ba kowa. Kowa na kunyar a ce shi ne rago. Hadari ya haɗo, hanya ta fara santsi, ɗaya ya dubi ɗaya, kowa ya yi shiru ya ƙara wuta. Tanki ya yi rabi, a ce ai zai kai. Amma sa kaka a cikin tafiyar ka gani. Saurayin da zai yi wa kansa ganganci ba zai yi wa kakansa ba. Tun daga gida zai ƙara bargo, ya ƙara abinci, ya ɗaura jarkar fetur, ya duba faci da famfo sau biyu, don ya san in babur ya tsaya, tsoho ba zai iya tura shi ba. Matsalar guzuri ta kau ke nan. In sun isa masauki, tsoho ba ya jin nauyin zama da mutanen wurin ya tambaye su labarin gaba, ko fito na aiki, ko ruwa ya ɓata hanya, ko an ga dabba. Ƙasar ta mutanen Gwich'in ce da Inuvialuit, waɗanda kakanninsu ke yawo cikinta tun ba a san mota ba, dattijo kuwa ya fi yaro sanin yadda a ke gaida dattijo har a sami magana a bakinsa. Matambayi ba ya ɓata. Na uku, wanda ya fi duka, tsoho ba ya kunyar cewa, "Kai yaro, mu koma." Ya riga ya wuce shekarun nuna bajinta. Ya ga abokansa da yawa da su ka ce saura kaɗan, ba su komo ba. Kalmar nan da ta gagari Fitzgerald kwana da kwanaki, a bakin tsoho ba ta da wani nauyi.

Ba ina cewa kowane tsoho ya san dajin Kanada ba ne. Watakila bai taɓa ganinsa ba. Saninsa na wani abu ne dabam, watau sanin iyakar jikin ɗan'adam, da sanin cewa gari na nan gobe. Ga misali. A kilomita 405 hanyar ta ƙetare layin da masana labarin ƙasa su ka shata, wanda daga shi zuwa arewa akwai ranakun da rana ba ta fāɗuwa sam. A Inuvik ta kan yi kwana 56 a jere ba ta faɗi ba. Mu nan duhu ke tsai da matafiyi, ko ya so ko ya ƙi. Can kuwa ƙarfe goma sha biyun dare gari fayau, saurayi na ganin hanya shimfiɗe gabansa, zuciya na ce masa ƙara kaɗan, alhali idonsa ya yi nauyi, hannunsa ya mutu a kan birki. Ba abin da zai tsai da shi sai gwiwar kakansa da bayan kakansa. In sun ce a sauka, dole a sauka. Ashe ciwon bayan tsoho ya zama agogo a ƙasar da rana ta daina aikin agogo.

To, mu komo ga masu cewa rashin tausayi ne. Gaskiyarsu guda: asibiti na da nisa. Akwai ɗaya a Dawson, akwai ɗaya a Inuvik, tsakaninsu sai ɗakin magani na ƙauye. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, tsoho na iya karya ƙugu a cikinta. Sanyin dare ma ya fi cin tsoho. Saboda haka ban ce kowane jika ya ɗauki kowane kaka ba. Akwai sharuɗɗa, in babu su, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na fari, tsohon ne da kansa ya so tafiyar, ba lallashinsa aka yi don jika ya sami abin ba da labari ba. Na biyu, likita ya duba shi ya yarda, in kuwa yana shan maganin hawan jini ko na sukari, a ɗauki fiye da na kwanakin tafiya, a raba shi jaka biyu. Na uku, a tafi tsakanin Yuni da Agusta, a kuma bar kwanakin rara waɗanda ba a shirya kome a cikinsu ba, don ranar ruwa ta zama ranar zama. Na huɗu, a riƙe na'urar kiran taimako mai aiki da tauraron ɗan'adam, a kuma bar wa na gida labarin inda za a kwana kowane dare. Na biyar, a yi alkawari tun daga ƙofar gida cewa in tsoho ya ce a tsaya an tsaya, in ya ce a juya an juya, ko da saura kilomita goma a ga teku.

In an cika waɗannan, sai in tambayi masu tausayi: wane ne ya ba mu ikon yanke wa dattijo hukuncin zaman inuwa? Mutumin da ya yi shekara saba'in yana yanke wa kansa shawara, ya yi noma, ya yi fatauci, ya aurar da 'ya'ya, rana ɗaya sai mu ce ba ya fita sai zuwa asibiti ko jana'iza. Sau da yawa abin da mu ke kira tausayi, neman sauƙin kanmu ne. Tsohon da ke zaune ba ya ba mu wahala. Amma ku tambayi tsofaffin gidajenku abin da ya fi damunsu. Da wuya su ce ciwon ƙafa. Za su ce ba mai zama da su.

Wannan ya kawo mu ga riba. Mu Hausawa muna da wani abu da ya kamata ya sa mu fi kowa gane amfanin irin wannan tafiya, watau wasan jika da kaka. Tsakanin ɗa da uba akwai kunya, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba a faɗi. Tsakanin jika da kaka kuwa ba shamaki. Kaka mace ta ce da jikanta "mijina", kaka namiji ya ce da jikanyarsa "amaryata", a yi ta ba'a ba mai fushi. Abin da uba ba zai taɓa gaya wa ɗansa ba, kaka zai gaya wa jika yana dariya: yadda aka yi gidan ya taso daga wani gari, wace shekara aka yi yunwa, wa ya ɓata da wa a kan gona, wace wauta shi kansa ya yi yana saurayi. Sai dai irin wannan magana ba ta fitowa a gaisuwar Salla ta minti goma, ga baƙi, ga waya na ƙara. Tana son dare mai tsawo, da wuta, da shiru, da rashin wurin zuwa. Tafiyar daji ita ke ba da waɗannan duka. Dare na fari a yi hirar hanya. Dare na uku a shiga hirar dangi. Kafin dare na bakwai tsoho ya buɗe abin da ya shekara arba'in bai faɗa wa kowa ba. Jika kuma ya ga kakansa da wani ido, ya gan shi yana hura wuta cikin iska da ashana ɗaya, abin da shi ya kāsa da rabin kwali.

Kada kuma mu ɗauka Turawa ne su ka fara sanin wannan hikima. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro kan yi watanni a hanya, suna kwana a daji. Kalmar zango da unguwannin Hausawa ke amsawa a Gana har yau, daga masaukin ayarinsu ta samo asali. Ba su kan ba saurayi mai jini a jika ragamar ayari ba. Madugu su ke bi, mutumin da ya sha hanya, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, ayari kuwa ba ya wuce saurin jakin da ya fi nauyin kaya. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Babur ya sāke saurin tafiya, amma bai sāke wannan ƙa'ida ba.

Saura me ya shafe mu, mu da mu ke koyon aikin malanta? Kusan dukanmu ba mai zuwa Kanada. Ba kuma ina zuga kowa ya ɗauki kakansa ya shiga dazuzzukanmu ba. Kowa ya san abin da 'yan bindiga su ka mai da waɗansunsu, har a 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna su ka taƙaita hawan babur saboda haka. Wanda ya kai tsoho inda ba tsaro, ya karya sharaɗin farko na hankali. Amma ainihin abin ba ya bukatar ƙanƙara ko daji. Da yawanmu a wannan kwaleji nesa da gida mu ke, sai hutu mu ke ganin kakanninmu, shekara kuwa ba ta jira. In hutu ya zo, hanya kuma tana da lafiya, me zai hana ka ce da kakanka, "Tsoho, shirya in kai ka garin da aka haife ka"? Ko a babur, in kusa ne kuma jikinsa zai ɗauka, da hular kwano a kan kowa, ko a mota. Ku kwana biyu ko uku, ku bi a hankali, ya nuna maka inda kasuwa ta ke dā, da rijiyar da su ka sha, da kabarin ubansa. Ka riƙe littafi da alkalami, ka rubuta. Gobe in ka tsaya gaban aji kana koyar da tarihi ko labarin ƙasa ko Hausa, za ka sami abin faɗi wanda ba ya cikin littafin kowa.

Akwai kuma darasi na biyu wanda aikinmu zai tambaye mu. Aji ma ayari ne. Malami sabon fita ya kan zo da zafi, yana son ya ƙare manhaja kafin kowa, ya bi yara uku masu kaifin kai ya bar talatin a baya, sai ranar jarrabawa ya waiwaya ya ga ba kowa. Wanda ya taɓa tafiya da tsoho ya riga ya koyi duban na baya, ya koyi tsayawa ba tare da fushi ba, ya koyi cewa komawa a sāke bin darasin jiya ba abin kunya ba ne. Wannan ba a koyonsa a allo.

Saboda haka in kun ji labarin saurayin da ya ɗaure tanti ya tafi arewa mai nisa da kakansa, kada ku yi saurin cewa ya ɗauko wa kansa kaya. Ku tambaya tukuna ko tsohon ne ya so, ko an yi shiri, ko kuma an ba shi ikon cewa a juya. In amsa ta zama i, to, yaron nan ya fi mu dabara. Wanda kakansa ke da rai, ya yi amfani da hutun bana. Allah ya kiyaye hanya, ya ja kwanan tsofaffinmu, amin.